Kayan Ɗaki a Cikin Kwali: Arharsu da Nauyin da Take Ɗora wa Mai Saye

Kayan ɗakin da ake sayarwa a wargaje, wato gado ko kabad ko tebur ko kantar littattafai waɗanda masana'anta ta yanka allunansu, ta huhhuda su, ta shimfiɗa su cikin kwali tare da ƙunshin notuna da takardar zane domin mai saye ya kai gida ya harhaɗa, sun zama babban sashe na cinikin kayan gida a duniya tun daga tsakiyar ƙarni na 20, kuma a yau irinsu suna isa Kano da Abuja da Yamai cikin kwantenoni daga Sin da Turkiyya da Dubai. Arharsu tana fitowa daga wurare uku: kayan da aka shimfiɗa a kwance ba sa cin wuri a jirgin ruwa ko a sito, allon da ake yin su da shi ya fi tsantsar katako sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sannan aikin haɗawa, wanda a da yake cikin farashi, an sauke shi a kan wanda ya biya kuɗi. Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika lura da girmansa ba, domin wanda aka miƙa wa aikin kafinta an miƙa masa har da hukuncin kafinta, wato sanin allon da zai jure, da haɗin da zai riƙe, da awon da zai shiga ɗaki, alhali yawancin masu saye ba su taɓa riƙe zarto ba.

Daga kujerar Thonet zuwa teburin Lundgren

Dabarar ta girmi kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda sunansa ya fi kowane suna manne da ita. Michael Thonet, kafinta Bajamushe da ya koma birnin Biyena na Ostiriya da zama a 1842, ya ƙware wajen lanƙwasa katako da tururin ruwan zafi, kuma a 1859 kamfaninsa ya fitar da kujerar da aka sani da Lamba 14, wadda ta ƙunshi guntayen katako shida kacal da sukurori goma da notuna biyu. Saboda ana aika ta a wargaje, kujeru 36 suna shiga akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare, a haɗa su a inda aka sauke su, kuma kafin 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Sai dai a wancan zamanin dillali ne yake haɗawa, mai saye yana karɓar kujerarsa a tsaye. A Amurka kuwa, Erie Sauder, wanda ya kafa masana'antar katako a garin Archbold na jihar Ohayo a 1934, ya fito a farkon shekarun 1950 da teburin da mai gida zai iya haɗawa da hannunsa, kuma kamfanin nasa yana kan wannan sana'ar har yau.

Ingvar Kamprad ya kafa IKEA a 1943 yana ɗan shekara 17, ya fara da sayar da ƙananan kaya irin su alƙaluma ta hanyar gidan waya, ya shiga kayan katako a 1948, ya buɗe ɗakin baje koli a garin Älmhult a 1953. Aika tebur a tsaye ta jirgin ƙasa yana da tsada, kuma sau da yawa yakan isa da karyayyar ƙafa. Kamar yadda kamfanin yake ba da labarin, a 1956 wani ma'aikacinsa mai suna Gillis Lundgren ya kasa cusa tebur a cikin mota sai ya cire masa ƙafafu, daga nan aka soma sayar da teburin Lövet a kwance cikin kwali. Abin da ya mayar da wannan dabarar ta zama tsarin kasuwanci sukutum shi ne matsin da ya biyo baya: masu masana'antu da 'yan kasuwar kayan katako na Suwidin sun ƙaurace wa Kamprad saboda karya farashi, shi kuma ya koma yin odar kaya daga Foland tun daga 1961, inda nisan hanya ya sa kowane taƙi na wuri a cikin mota ya zama kuɗi. Lokacin da aka buɗe babban kantin Kungens Kurva a wajen birnin Stockholm a 1965, cunkoson jama'a ya fi ƙarfin ma'aikata har aka bar masu saye su shiga sito su ɗauki kwalayensu da kansu, kuma wannan ma ya zauna ya zama al'ada. Ta haka ɗauka da dako da haɗawa duk suka koma wuyan mai saye, ɗaya bayan ɗaya, a cikin shekaru goma.

A nahiyar Afirka kamfanin yana da kantuna a Masar, inda ya buɗe a Alƙahira a 2013, da Maroko, inda ya buɗe kusa da Kasabulanka a 2016, ba shi da kanti a Najeriya ko Nijar. Abin da yake zuwa kasuwannin Hausa galibi na wasu masana'antu ne masu bin tsari iri ɗaya, daga yankuna irin su Foshan da ke lardin Guangdong na Sin da garin İnegöl na Turkiyya, kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai daga wannan kwali zuwa wancan, ko da a ido sun yi kama.

Abin da ke ƙarƙashin sheƙi

Tambayar farko da ta kamata mai saye ya yi ita ce da wane irin allo aka yi kayan, domin launi da sheƙin da yake gani a fuska siririyar fata ce da ba ta faɗin komai game da abin da ke ciki. Mafi yawan kayan kwali ana yin su da allon ɓarɓashi, wato guntattakin katako da dusarsa da aka cakuɗa da gam aka matse da zafi har suka zama faifai, kuma an fara sarrafa shi a masana'anta a birnin Bremen na Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da katako ya yi ƙaranci. Sama da shi akwai MDF, wanda aka fara yi a Amurka a tsakiyar shekarun 1960: a nan ana niƙe katako har ya koma zare-zare masu laushi kafin a matse, shi ya sa cikinsa yake fitowa sumul, yana karɓar fenti da sassaƙa, amma yana da nauyi, domin faifai ɗaya mai ƙafa takwas da huɗu da kaurin milimita 18 yana kaiwa kilo 40 ko kusa da haka. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi matsewa. Filawud kuwa siraran yankan katako ne da aka liƙa hawa-hawa, kowane hawa jijiyarsa tana gicciye ta na ƙasa da shi, kuma a cikin waɗannan duka shi ya fi riƙe sukuru da jure danshi, shi ya sa ya fi tsada. Akwai kuma allon da cikinsa takarda ce mai siffar saƙar zuma tsakanin siraran faifai biyu, irin wanda ake yin teburin LACK na IKEA da shi. Yana da kauri a ido da sauƙi a hannu, yana ɗaukar fitila da littafi, amma ba a ɗaura masa sukuru a tsakiya domin babu abin da zai kama.

Sunan da mai kanti ya kira allo ba hujja ba ce, musamman a kasuwar da kalmar HDF ta zama abin talla da ake liƙa wa kowane allo mai ƙyalli. Hanyar tabbatarwa ita ce duba wurin da ba a rufe ba: bayan kabad, ko ƙasan durowa, ko cikin ramin da aka huda domin hinji. Idan aka ga guntaye manya da ƙanana da 'yan ramuka a tsakaninsu, allon ɓarɓashi ne; idan cikin ya yi laushi da launi ɗaya, MDF ne ko HDF; idan aka ga layuka a jere, filawud ne. Fatar da ke sama ma iri-iri ce. Akwai melamin, wato takarda da aka jiƙa da wani sinadari aka gasa a jikin allo har ta yi tauri, tana jure goge-goge da ɗan zafi. Akwai takarda ko leda mai hoton katako da aka manna kawai, wadda farce yake iya karcewa. Akwai kuma siririn yankan katako na gaske. Gefen allo, inda zarto ya bi, ana rufe shi da wani tef na roba, kuma ingancin mannin wannan tef ɗin yana daga cikin abubuwan da suka fi yanke tsawon rayuwar kaya, domin ta nan ruwa yake shiga.

Ruwa shi ne babban abokin gabar allon ɓarɓashi da MDF. Da zarar danshi ya ratsa, guntayen katakon sukan kumbura, gam ɗin da ya riƙe su ya saki, allon ya tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. A ƙasashen sanyi inda aka ƙirƙiro kayan, ɗakuna da yawa suna da daɓen katako ko kafet da ake sharewa da na'ura, amma a gidan da ake wanke tayil da bokiti kullum safiya, ko inda damina take sa bango ya tsotsi ruwa daga ƙasa, kabad ɗin da allonsa yake zaune kai tsaye a kan daɓe yakan fara ruɓewa daga gindi tun fuskarsa tana sabuwa. Saboda haka kayan da suke da 'yan ƙafafu na roba ko na ƙarfe, waɗanda suke ɗaga allo santimita kaɗan daga ƙasa, sun fi dacewa, kuma a kicin ya kamata a nemi allon da aka yi da gam mai jure danshi, wanda masana'antu da yawa suke rina cikinsa kore domin a gane shi, ko da yake shi ma jurewa yake yi, ba ya hana ruwa gaba ɗaya. A gefe guda kuma dole a yi wa waɗannan alluna adalci: tsantsar katakon da ba a busar da shi sosai ba yakan tsuke ya tsage idan hunturu ya kama, ƙofa ta karkace, haɗi ya buɗe, alhali allon masana'anta ba shi da jijiyar da za ta ja shi gefe ɗaya, don haka bushewar iska ba ta cika damunsa ba.

Kauri da faɗi suna da lissafin da ya cancanci a san shi, domin ido yana yaudara a nan. Ƙarfin kanta wajen ƙin lanƙwasa yana ƙaruwa da kauri sau uku a jere, ma'ana idan aka ninka kauri, lanƙwasar takan ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kuma allo mai milimita 18 ya fi mai milimita 15 tauri da kusan kashi 70 cikin 100, duk da cewa bambancinsu bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Faɗi kuma ya fi haka tsanani: kantar da aka cika da littattafai daga gefe zuwa gefe, idan aka ninka tazarar da ke tsakanin masu tallafarta, lanƙwasarta tana ƙaruwa sau 16. Wannan ne dalilin da ya sa kantar BILLY, wadda Lundgren ya zana kuma aka fara sayarwa a 1979, ba ta wuce santimita 80 a faɗi. Allon ɓarɓashi yana da wata ɗabi'a kuma, ita ce ci gaba da sunkuyawa a hankali ƙarƙashin nauyin da bai canza ba, ta yadda kantar da ta miƙe sarai ranar da aka jera mata manyan littattafan fiƙihu ko tulin faranti za ta yi ciki bayan shekara guda. Duk kantar da ta kai mita ɗaya babu tallafi a tsakiya, ta tufafi ce da kaya marasa nauyi.

Haɗi, awo da iskar ɗaki

Kafintan gargajiya yana haɗa katako da katako ta hanyar sassaƙa harshe a wannan da rami a wancan, ya sa gam, ya buga ƙusa. Kayan kwali kuwa sun dogara da ƙananan ƙarafa, kuma mafi yawansu shi ne wani dunƙulen ƙarfe zagaye mai faɗin milimita 15 da yake zama cikin rami a jikin allo ɗaya, ya kama kan wani sukuru da aka ɗaura a ɗaya allon, ta yadda juyi rabin zagaye da sukudireba yake jawo allunan biyu su manne. Kusa da shi akan sa 'yan guntayen sanda na katako a cikin ramuka, waɗanda aikinsu shi ne daidaita allunan da ɗaukar nauyi, dunƙulen ƙarfen kuma ya hana su rabuwa. Sauran notunan ana ɗaure su da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da makanikai suke kira alanki, wanda yawanci yake zuwa a cikin ƙunshin. Abin dubawa a nan shi ne inda sukuru yake shiga: idan yana shiga cikin zoben ƙarfe ko na roba da aka dasa a allo, ana iya kwancewa a sake ɗaurawa sau da yawa, idan kuwa yana cin jikin ɓarɓashin kai tsaye, to kowane kwancewa yana faɗaɗa ramin, kuma a karo na biyu ko na uku sukurun zai riƙa juyawa babu kamu. Hinjin ƙofa da layin da durowa take gudu a kansa su ne suke aiki kullum, don haka a kanti ya kamata a buɗe ƙofa a ga ko hinjin yana da sukurorin daidaitawa, a jawo durowa har ƙarshe a girgiza ta, a danna ƙasanta da tafin hannu, domin ƙasan durowa mai kaurin milimita uku shi ne abin da ya fi saurin zamewa daga gurbinsa idan aka cika ta da atamfofi.

Siririn faifan da ake bugawa a bayan kabad mutane da yawa suna ɗaukarsa abin rufe ƙura kawai, har wasu masu haɗawa su buga masa ƙusa huɗu su wuce, alhali shi ne yake hana akwatin gaba ɗaya karkacewa gefe. Kafin a buga shi akan auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan a auna ɗaya gicciyen, kuma sai awon biyu sun zo daidai ake sa ƙusoshi, dukansu, domin kabad ɗin da aka rufe bayansa a karkace ƙofofinsa ba za su taɓa haɗuwa daidai ba komai yawan juya hinji.

Awon ɗaki yana da tarkon da hoton talla ba ya nunawa. Kabad mai tsawon santimita 236 da zurfin 58, idan aka haɗa shi a kwance za a tayar, yana bukatar rufin da tsayinsa daga ƙasa ya kai santimita 243, domin a lokacin tayarwa gicciyensa ne yake tsayawa, ban da fankar sama da ke rataye a tsakiyar ɗaki. Gado ma yana da nasa rikicin: masana'antun Turai da Turkiyya suna yin gado da santimita, kamar 160 ko 180 a faɗi da 200 a tsawo, alhali a Najeriya ana sayen katifa da ƙafa, shida da shida ko huɗu da rabi da shida. Ƙafa shida santimita 183 ce, don haka katifar ba za ta zauna cikin gado mai faɗin 180 ba sai da matsi, a tsawo kuma takan bar gurbi. Wanda ya sayi gadon a kwali sannan ya je ya sayo katifa da sunan awonta kawai yakan gano wannan ne ranar jere, lokacin da babu sauran damar canji.

Warin da sabon kabad yake yi idan aka buɗe shi, wanda yake sa ido ƙaiƙayi, yawanci daga gam ɗin allon yake fitowa, domin yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2004 cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo cutar daji ga ɗan Adam. Ƙasashen Turai suna da ma'aunin da ake kira E1, wanda ya ƙayyade yawan abin da allo zai iya fitarwa, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma tana da nata da ake rubutawa CARB, kuma masana'antun kirki suna buga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi a jikin kwali. Fitar sinadarin yana ƙaruwa da zafi da danshi, abin da ya sa batun ya fi muhimmanci a ɗakin da ake rufe tagoginsa a watan Afrilu fiye da yadda yake a Suwidin, kuma yana raguwa da tsufan allo, don haka barin sabon kaya a buɗe a ɗaki mai shan iska na wasu kwanaki kafin a fara kwana kusa da shi yana da amfani na gaske.

Haɗarin da ya fi kowane muni shi ne rikitowa. Durowar tufafi mai hawa-hawa da aka yi da allo marar nauyi, bayanta siriri, nauyinta yana komawa gaba da zarar an jawo aljihunanta, kuma ƙaramin yaro da ya taka na ƙasa domin ya kai hannu sama yana iya jawo ta ta danne shi. A watan Yunin 2016, bayan mutuwar yara da dama, IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka, ciki har da samfurin MALM, kuma a ƙarshen 2022 aka sa hannu a kan dokar Amurka da ake kira STURDY, wadda ta wajabta wa masu yin irin waɗannan kaya gwajin tsayuwa kafin sayarwa, ta fara aiki a watan Satumban 2023. Ɗan ƙarfen nan mai kusurwa ko igiyar roba da take zuwa a ƙasan ƙunshin notuna, wadda akan jefar saboda ba a ga inda take shiga ba, ita ce ta ɗaure kayan da bango. Sau da yawa ba a haɗo ta da sukurun bango, domin bangaye sun bambanta, kuma a ginin bulo da siminti sai an huda an sa fulogin roba kafin sukuru ya kama.

Wanda zai haɗa, da wanda zai sake kwancewa

A 2012 wasu masana uku a Amurka, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely, sun wallafa binciken da ya nuna cewa mutanen da suka haɗa akwatin IKEA da hannunsu sun yarda su biya kusan kashi 63 cikin 100 fiye da waɗanda aka ba su irin akwatin a haɗe, kuma wannan ƙarin daraja da suke ba kayan tana gushewa idan mutum ya kasa kammala aikin. Kamfanin IKEA da kansa ya san ba kowa ne yake son wannan wahalar ba, shi ya sa a 2017 ya sayi TaskRabbit, wani kamfani da yake haɗa masu gida da masu aikin hannu. A ƙasar Hausa lissafin ya ɗan sha bamban, domin ladan kafinta bai kai na Turai ba, kuma da wuya magidanci ya zauna da takardar zane yana ƙirga notuna. Kafinta ake kira. Sai dai kafintan da ya saba da guduma da ƙusa, idan bai taɓa aiki da irin waɗannan ƙarafa ba, yana iya ajiye takardar gefe ya buga ƙusa a gefen allon ɓarɓashi ya tsaga shi, ko ya ɗaure sukuru da na'urar lantarki har ya cinye ramin. Takardar zanen, wadda yawanci hotuna ne zalla domin ta yi aiki a kowace ƙasa, an tsara ta ne bisa jeri, kuma tsallake mataki ɗaya yakan tilasta a kwance rabin aikin. Kafin a sallami mai kawo kaya ya kamata a ƙirga kwalaye bisa lambar da ke jikinsu, ɗaya cikin uku, biyu cikin uku, a duba kusurwoyinsu ko sun daku, a zazzage ƙarafan a faranti a gwada su da lissafin da ke shafin farko, domin dunƙulen ƙarfe ɗaya da ya ɓace yana iya tsayar da aikin yini guda.

Zaɓi tsakanin kayan kwali da na kafintan unguwa ya daina zama zaɓi tsakanin allo da tsantsar katako, domin kafintoci da yawa a manyan garuruwa sun koma aiki da MDF da ire-irensa da ake shigowa da su, madaci da sauran katako masu ƙarfi kuma sun yi tsada. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya kayan ɗaki da allon ɓarɓashi da filawud cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin waje a farashin hukuma, bai ɗage hanin ba sai a watan Oktoban 2023, kuma tun da allon kafinta da kwalin ɗan kasuwa duk da dala ake sayo su, farashinsu tare yake tashi. Abin da masana'anta ta fi kafinta shi ne daidaiton yanka da huda da mannin gefe, wanda na'ura take yi. Abin da kafinta ya fi ta shi ne yana auna ɗakin da katifar kafin ya yanka, kuma idan ƙofa ta saki an san shagonsa.

Inda kayan kwali suka fi cin karo da al'ada shi ne a kayan ɗakin amarya. Gado da kabad da madubi da kujerun da iyaye suke yi wa 'yarsu mallakinta ne, suna bin ta duk inda zama ya kai ta, kuma a da can, tun zamanin jeren ƙwarya da tasoshi da gadon ƙarfe, ana kallonsu a matsayin dukiyar da za a iya sayarwa idan bukata ta taso ko a ba ƙanwa idan an sake sabo. Ma'auratan da suke zaman haya kuma suna iya tashi sau biyu ko uku a shekarun farko. Kabad ɗin allon ɓarɓashi ba ya son a ɗauke shi a haɗe, domin girgizar mota tana fizge ƙarafan daga ramukansu, ba ya kuma son a yi ta kwance shi, saboda dalilin da aka ambata game da sukuru, ga shi dillalan tsofaffin kaya suna taya shi da abin da bai taka kara ya karya ba da zarar gindinsa ya kumbura. Uban da yake sayen kayan da za su zauna a gida ɗaya shekaru da yawa, a ɗaki busasshe, yana iya samun biyan bukata da allon ɓarɓashi mai melamin da kaurin milimita 18. Wanda ya san 'yarsa gidan haya za ta, gara ya rage yawan kayan ya sa kuɗin a filawud ko a gadon da ake haɗa kusurwoyinsa da manyan notuna masu shiga zoben ƙarfe. Idan tashin ya zo, akan cire ƙofofi da durowoyi da kantuna tukuna, a rubuta lamba a gefen kowane allo da ba a gani, a bar sukurorin da suke cikin jikin allo a inda suke a kwance dunƙulen ƙarfen kawai, a ɗaure ƙarafan kowane kaya a leda ɗaya tare da takardar zanensa, sannan a ɗora allunan a mota a kwance da bargo a tsakaninsu.